Ba A Mugun Sarki Sai Mugun Bafade? Hisabin Siyasar Alhaji Shehu Shagari

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da hira ta biyo ta kan Jamhuriya ta Biyu, ko a ɗakunan kwananmu ko a zauren gidajenmu idan mun je hutu, da magana ɗaya ake rufe ta. Sai ka ji dattijo ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ai Shehu Shagari mutumin kirki ne, na kusa da shi ne suka cuce shi." Daga nan sai a kawo karin maganar nan ta ba a mugun sarki sai mugun bafade, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Mu ba mu ga mulkin Shagari da idonmu ba, a bakin iyaye da kakanni muka ji shi, a littattafai kuma muka karanta. To amma da yake ƙasar da aka bar mana gado ita ce wadda aka ƙera a wancan zamani, muna da hakkin mu tambaya: shin wannan hukunci da ake yanke wa mutumin daidai ne? Amsarmu ita ce bai cika ba, kuma rabin gaskiyar da ke cikinsa ya fi ƙarya zalla haɗari.

Mun san za a ce da mu ba mu da kunya, muna tona kabarin dattijon da ya riga mu gidan gaskiya tun ranar 28 ga Disamba, 2018, yana da shekara 93. Saboda haka bari mu share wannan tun da wuri. Muna roƙon Allah ya jiƙan Turakin Sakkwato, ya gafarta masa, ya sa can ta fi nan. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba huruminmu ba ne. Amma abin da ya yi da amanar jama'a a kan kujerar mulki dukiyar jama'a ce, kuma al'ummar da ta haramta wa kanta bin diddigin shugabanninta don kawai sun mutu, ta yarda ke nan a maimaita mata cuta ɗaya har abada. Waiwaye adon tafiya ne.

Bari mu fara da ba shi hakkinsa. An haifi Shehu Usman Aliyu Shagari ranar 25 ga Fabrairu, 1925, a garin Shagari cikin Lardin Sakkwato, a gidan Magajin gari. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna wadda ta zama Barewa. Ya kama aikin malanta, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya riƙe hedimasta a Argungu, har ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu cikin harshensu. A 1954 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai a Ikko. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga nan ya yi ta riƙe ma'aikatu: raya tattalin arziki, harkokin cikin gida, ayyuka, har juyin mulkin Janairun 1966 ya rusa Jamhuriya ta Farko. Janar Gowon ya dawo da shi a 1970, ya kuma ba shi kwamishinan kuɗi na tarayya a 1971 bayan Cif Awolowo ya ajiye. A hannunsa aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973. Duk wannan tsawon zamani ba a san shi da girman kai ko ashar ko wulaƙanta na ƙasa ba. Bayan faɗuwarsa kuma kwamitin Mai Shari'a Uwaifo ya bincike shi a 1986 bai same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba. Wannan duka gaskiya ce, ba mu musa ko ɗaya.

To amma mai karatu ya sake duba jerin nan da kyau. Daga 1954 zuwa 1983, kusan shekara talatin, in ka cire 'yan tsirarun shekaru, Shagari yana cikin ɗakin da ake yanke shawarar ƙasar nan. Wanda ya yi wannan daɗewa ba baƙo ba ne a siyasa, ba kuma malamin ƙauye ba ne da 'yan birni suka yaudara, kamar yadda masu kare shi ke son mu ɗauka. Ya san kowa, ya san halin kowa, ya san yadda ake ba da kwangila da yadda ake cin ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka duk wanda zai ce mana bai san irin mutanen da ya tara a gwamnatinsa ba, to ya rage masa hankali ne, alhali kuwa yana nufin ya yabe shi.

Sa'an nan kuma Shagari yana da aƙida, ko da yake ba mai yawan faɗinta ba ne. Tun 1951 yake cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, har ya riƙe sakatarenta na Sakkwato. Aƙidar wannan jam'iyya sananniya ce: a bar tsarin da aka tarar yadda yake, sarki a sama, hakimi a ƙasansa, dagaci a ƙasan hakimi, talaka a can ƙarshe yana biyan haraji da jangali, in za a yi gyara a yi shi sannu a hankali ta hannun manya. Wannan shi ne ra'ayin riƙau. A gefe guda kuwa ga NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda ta ce talaka mutum ne mai 'yanci, ba kayan gadon kowa ba. Mun san abin da 'yan NEPU suka gani a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e: ɗauri, bulala, kora daga gari. Mun san sau nawa Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku. Mun san matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, alhali matan Kudu suna jefawa. Shagari bai ɗaure kowa da hannunsa ba, amma yana cikin manyan jam'iyyar da aka yi wannan don ta ci gaba da mulki, kuma ya zaɓi ɓangarensa da idonsa a buɗe, a lokacin da malamin makaranta irinsa, Malam Aminu Kano, ya zaɓi ɗaya ɓangaren.

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, wannan tsohon gida ne ya sake fenti ya fito da sunan NPN, ya jawo attajirai da 'yan kwangila da manyan ma'aikata masu ritaya daga kowane sashe na ƙasa. Ana yawan ba da labarin cewa Shagari kujerar Majalisar Dattawa kawai yake so, aka matsa masa ya tsaya takarar shugaban ƙasa, ya kayar da su Maitama Sule da Adamu Ciroma a taron jam'iyya. Shi kansa sunan littafin tarihin rayuwarsa na 2001, Beckoned to Serve, yana nuna kiransa aka yi. Ana kawo wannan a matsayin shaidar rashin kwaɗayi. Mu kuwa tambayar da ta dame mu ita ce: don me manyan jam'iyya suka nace sai shi? Mutanen da suka haɗu don rabon arzikin man fetur ba za su nemi shugaban da zai tsare musu ƙofa ba. Mai sanyin hali suke bukata, wanda jama'a za su amince da fuskarsa, wanda kuma ba zai iya ce da abokan tafiya a'a ba. Kirkin nasa shi ne jarin jam'iyya. Wanda kuwa ya yarda aka yi ciniki da kirkinsa, ba zai ce ba ruwansa da ribar da aka ci ba.

A zaɓen ranar 11 ga Agusta, 1979, Shagari ya sami ƙuri'a miliyan 5.6 da 'yan kai, Awolowo ya sami miliyan 4.9, watau kashi ɗaya cikin uku na masu zaɓe ne kawai suka zaɓe shi. Tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Sai lauyan jam'iyya, Cif Richard Akinjide, ya kawo lissafin cewa biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka a tsaga Jihar Kano a lissafi, a nemi rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta kawai. Kotun Ƙoli ta amince ranar 26 ga Satumba, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, Akinjide kuma ya zama ministan shari'a. Ba mu ce an saci wannan zaɓe ba. Abin da muke cewa shi ne mutumin da ya hau mulki ta irin wannan siririyar ƙofa, jam'iyyarsa na riƙe da jihohi 7 kacal cikin 19, ya kamata ya fi kowa tattalin 'yan hamayya da kiyaye doka. Bari mu ga abin da ya faru.

Wata huɗu ba su cika ba, a Janairun 1980, jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka kai shi iyakar Chadi suka ajiye, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Ministan harkokin cikin gida na Shagari ne ya sa hannu a takardar. Mutumin da jama'arsa suka zaɓa, aka tsallakar da shi iyaka kamar kayan fasa-ƙwauri, don kawai bakinsa ya dami jam'iyya mai mulki. Sai da kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne sa'an nan ya sami sukuni. Wane bafade ne zai kori zaɓaɓɓen ɗan majalisa daga ƙasa ba da yardar sarki ba? In kuwa ba da yardarsa aka yi ba, wa aka hukunta?

Bayan wata uku sai ga Bakolori. An gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban manoma, aka hana wasu shuka ana gyaran filayen ban ruwa, diyya kuma ta maƙale. Da haƙuri ya ƙare, manoman suka tare hanyoyin aikin suna neman hakkinsu. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙone ƙauyuka. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, lissafin waɗanda suka bi diddigin abin kuwa ya haura 380. Mai karatu ya tuna cewa a tsarin mulkin 1979 'yan sanda na tarayya ne, gwamnan jihar kuma, Shehu Kangiwa, ɗan NPN ne. Wannan fa a jihar shugaban ƙasa ta haihuwa aka yi shi, a kan talakawan da suka yi dafifi suka zaɓe shi wata takwas kafin nan, a kuma shekarar da aka ƙaddamar da shirin juyin noma. Jam'iyyar da alamarta gida da masara ce, takenta kuma Aminci, ita ce aka ƙone gidan manomi da rumbunsa a ƙarƙashinta. Duk mai ce mana zamanin Shagari zamanin tausayi ne, ya je Talatar Mafara ya faɗi haka.

A Kaduna kuwa talakawa sun zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP gwamna, amma NPN ke da rinjaye a majalisa. Shi da Alhaji Abubakar Rimi na Kano suna hawa suka soke haraji da jangali, watau suka cire igiyar da aka fi shekara saba'in ana jan talaka da ita tun zuwan Turawa. Majalisar Kaduna ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi ta mulki ba majalisar zartarwa, daga bisani ranar 23 ga Yuni, 1981, ta tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka tsige a tarihin ƙasar nan. Kwana goma sha bakwai bayan haka, ranar 10 ga Yuli, aka ta da tarzoma a Kano a kan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki, aka ƙone ma'aikatu, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Ba mu ɗora wa Shagari jinin Bala Muhammad ba. Amma tsaron rai a hannun gwamnatinsa yake, kuma a ranar 'yan sandanta ba su tsare ba. Haka rikicin Maitatsine na Disambar 1980, wanda ya ci rai fiye da 4,000 a Kano: shekaru ana ganin wutar tana ruruwa a 'Yan Awaki, ba a kashe ta ba sai da ta kai ga kiran soja, ta kuma sake tashi a Bulunkutu da Kaduna a 1982.

Mu juya ga tattalin arziki, inda masu kare shi suka fi samun abin faɗi. Suna cewa faɗuwar kasuwar man fetur ce ta karya shi, ba shi ya jawo ta ba. Gaskiya ne kuɗin mai ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1980 da 1983. Amma manomin da ya cinye rumbunsa da kaka, ba zai zargi bazara ba. A 1980 ajiyar ƙasar nan ta kuɗin waje ta kai wajen dala biliyan 10, kafin ƙarshen 1983 ta dawo wajen biliyan ɗaya, ga bashi ya yi katutu. Ina kuɗin suka tafi? Sun tafi wajen shigo da kaya ba ƙaƙƙautawa, da kwangilolin da aka ninka farashinsu, da lasin shigo da kaya wanda ya zama ladan biyayya ga jam'iyya: a ba ɗan siyasa takarda, ya sayar wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya fanshe a kan talaka. Gwamnatin da ta yi alkawarin ciyar da ƙasa daga gonakinta ita ce ta kafa kwamiti na musamman don shigo da shinkafa, ta ɗora ministan sufuri Alhaji Umaru Dikko a kansa. A tsakiyar 1981 Awolowo ya rubuta wa shugaban ƙasa gargaɗi cewa tattalin arziki na dab da durƙushewa, manyan gwamnati suka yi masa ca, suka ce baƙin ciki ne. Shekara ba ta zagayo ba, a Afrilun 1982, sai ga gwamnati da kanta ta kai dokar tsuke bakin aljihu majalisa. Masana'antu suka rasa kayan aiki suka sallami ma'aikata, malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi, sabulu da madara da omo suka zama abin bin layi. Tsohon kwamishinan kuɗi na shekara huɗu ba zai ce lissafi ne ya shige masa duhu ba.

Daɗin daɗawa, sai gobara ta riƙa bin gine-ginen gwamnati: ginin ma'aikatar harkokin waje a Ikko a ƙarshen 1981, ofishin lissafin kuɗi na hukumar gina Abuja, da dogon benen sadarwa na NET a Janairun 1983. Jama'a ba su ɗauki wannan a matsayin tsautsayi ba, domin wutar ta cika son inda takardun kuɗi suke. Me shugaban ƙasa ya yi? Ya ƙaddamar da shirin gyaran hali, daga baya ya buɗe ma'aikata sukutum don shiryar da al'umma, ya ba Alhaji Maitama Sule. Watau ɓarna tana cikin majalisar ministoci, wa'azi kuma ana yi wa talaka a rediyo. Nan ne ra'ayin riƙau ke nuna ainihin fuskarsa: kullum laifin na tarbiyyar jama'a ne, ba na tsarin da ke ba mutum ɗaya ikon sa hannu a kan miliyoyi ba mai tambayarsa ba.

Da abin ya yi tsanani, zaɓe kuma ya matso, sai aka nemi wanda za a ɗora wa laifi. Ranar 17 ga Janairu, 1983, ministan harkokin cikin gida Alhaji Ali Baba ya ba duk baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutane wajen miliyan biyu suka kwashi abin da za su iya ɗauka, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Aka yi cunkoso a kan iyakoki da tashar jirgin ruwa ta Apapa, wasu suka mutu a hanya. Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan, domin a 1969 gwamnatin Busia ta yi wa 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Ankara irin wannan kora, mun kuma kira ta zalunci. Cikin waɗanda aka kora a 1983 akwai masu ga-ruwa da masu gadi daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya. Korarsu ba ta sauko da farashin shinkafa da kwabo ɗaya ba. Abin da ya rage mana shi ne sunan jakar nan mai ratsi-ratsi, abin kunyar da muke ɗauka a ka har yau.

Sai zaɓen 1983, wanda shi ne ya binne jamhuriyar. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta fito da rajistar mutum miliyan 65, alhali a 1979 miliyan 48 ne. Gwamnatin da ta jefa mutane cikin layin sabulu sai ga ta da ƙuri'a miliyan 12, ninki biyu na abin da ta samu lokacin da ake ɗokinta. NPN ta ce ta cinye jihohi 13, har da Oyo da Ondo da Anambra, gidajen Awolowo da Azikiwe. A Ondo jama'a suka fito aka yi ƙone-ƙone da kashe-kashe, sai da kotu ta ƙwace kujerar daga Akin Omoboriowo ta mayar wa Cif Ajasin. Kwamitin Mai Shari'a Babalakin da ya binciki FEDECO daga baya ya tabbatar da maguɗi iri-iri. A nan karin maganar bafade ta ƙare gaba ɗaya. Wa aka yi wa maguɗin? Wa ya ɗaga Alƙur'ani ya yi rantsuwa a kan sakamakon ranar 1 ga Oktoba, 1983? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Za a ce mun manta da ayyukansa. Ba mu manta ba. Ga gidajen da har yanzu ake kira da sunansa a garuruwa da yawa. Ga jami'o'in fasaha na Bauchi da Makurɗi da Owerri da Yola da Akure da Minna, waɗanda wasu daga cikinmu ke karatu a irinsu. Ga masana'antar ƙarfe ta Aladja da na murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Ga gaggauta ginin Abuja. Ga afuwar da ya yi wa Gowon a 1981 da Ojukwu a 1982, da tafiya da Dokta Alex Ekwueme a matsayin mataimaki shekara tara kacal bayan yaƙin basasa, abin da ya taimaka wajen ɗinke ɓaraka. Ya bar jaridu suna zaginsa, abin da sojan da suka gaje shi ba su jure ba. Mun yarda da wannan duka. Amma a auna shi da kuɗin da ya shigo, a kuma tuna Ajaokuta, wadda aka zuba wa dukiya mai ɗimbin yawa ba ta ba ƙasar nan ƙarfen da aka yi alkawari ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 125 ma da ake jingina masa, sai da ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta tsayar da ƙasa cik a Mayun 1981 kafin a ba da shi.

Kada kuma wani ya ɗauka muna yi wa juyin mulkin ranar 31 ga Disamba, 1983, guɗa. An yi murna a tituna a ranar, amma gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Doka ta 2 ta ɗaure mutane ba shari'a, Doka ta 4 ta ɗaure 'yan jarida, aka janye tallafin abincin ɗalibai a jami'o'i, aka zo da shirin SAP a 1986, soja kuma ba su sauka ba sai ranar 29 ga Mayu, 1999. Wannan shi ne babban laifin da muke tuhumar Shagari da jam'iyyarsa da shi. Sun karɓi mulkin farar hula bayan shekara goma sha uku na soja, cikin shekara huɗu da wata uku suka zubar masa da mutunci har talaka ya yi wa bindiga tafi. Ranar da aka toshe wa mutane hanyar canja gwamnati da ƙuri'a, ranar aka buɗe wa soja ƙofa.

Yanzu bari mu dawo gida, domin ba don Shagari kaɗai muka yi wannan rubutu ba. Yawancinmu nan da 'yan shekaru za mu zama ma'aikatan gwamnati, wasu masu karatun nan ma sun riga sun kama aiki. Za a kawo maka fayil ka ga an ninka kuɗin kwangila, ka ce ai kai ba ka ci ko kwabo ba, ka sa hannu. Za a kawo sakamakon zaɓe ka ga an ƙara sifiri, ka ce ai ba kai ka rubuta ba, aikinka kawai ka sanar. Za ka yi sallarka a kan lokaci, ka gaida na gaba, ka yi ritaya a ƙaramin gida, a ce wane mutumin kirki ne. Wannan shi ne darasin da karin maganar bafade ke koya mana, shi ya sa muke yaƙi da ita. Tana raba tsarkin hannu da nauyin kujera, tana ba kowane shugaba mafaka tun kafin ya yi laifi. Magabatan da suka kafa daular da Shagari ke riƙe da sarautarta ba haka suka koyar ba: a wurinsu zaɓen waziri da alƙali da mai tara haraji yana wuyan shugaba, zaluncinsu kuma nasa ne in ya gani ya yi shiru. Sarki shi ke naɗa bafade, shi ke ciyar da shi, shi ke da ikon tuɓe shi.

Saboda haka hukuncinmu shi ne: Alhaji Shehu Shagari bai saci kuɗin jama'a ba, amma ya riƙe wa masu ɓarna fitila, ya ara musu kyakkyawan sunansa, ya kuma karɓi kujerar da suka ƙwato masa. Mu yi masa addu'a a matsayinsa na Musulmi dattijo, mu kuma ƙi ɗaukarsa abin koyi a matsayinsa na shugaba. Duk ranar da aka sake kawo mana ɗan takara aka ce a zaɓe shi don yana da haƙuri da kunya da tsoron Allah, mu ce madalla, sa'an nan mu tambaya: su wa ke bayansa, su wa suka biya kuɗin yaƙin zaɓensa, kuma wa ya taɓa kora don ya ci amana? In ba a ba mu amsa ba, mu riƙe ƙuri'armu. Allah ya ba mu shugabanni masu kirki da kuma ƙarfin hali, ya sa mu ma kada mu zama fadawan da za a fake da su gobe. Amin.